Da Sauƙi, Mun Gode Allah

Duk shekara sai an turo min ku, sababbin lauyoyi, kwat na ƙyalli, takalmi bai san ƙura ba. Kuma duk shekara sai ɗayanku ya ce min shi ɓangaren ɗaukaka ƙara yake so. In na tambaye shi dalili sai ya ce ai can babu hayaniyar shaidu, babu shan rana, karatu ne da rubutu a ƙarƙashin fanka. To ku gyara zama. Gwiwoyina sun fara ƙin hawa benen kotu, ban kuma san ko baɗi ni za ku tarar a kujerar nan ba, gara in faɗa muku abin da na sani tun bakina na motsi.

Aikin farko da maigidana Barista Lawan ya ba ni, Allah ya jiƙansa, shari'ar satar akuya ce daga Kiru. Ya tura min kundin shari'ar, wato duk abin da alƙalin kotun ƙasa ya rubuta tun daga ranar farko har hukunci, ya ce in karanta masa da ƙarfi. Na gyara murya na fara zuba Turanci, ina jin kaina. Ya ɗaga hannu.

“Wa ya yi Turanci a kotun nan? Mai akuyar ko ɓarawon?”

Na ce babu ko ɗaya.

“To mayar min da shi yadda ya fito daga bakinsu.”

Haka na wuni ina mayar da Turanci Hausa, yana kishingiɗe yana cin goro yana gyara ni. Dokarsa ta biyu ta fi wannan wahala. Ya ce kada in kuskura in rubuta kalma ɗaya a shari'ar rai sai na je na sha ruwan gidan wanda ake tuhuma. A lokacin na ɗauka tsufa ne kawai da son wahalar da yara. Da na buɗe ɗan ofishina a nan Tudun Wada ban yar da ko ɗaya daga cikin dokokin nan ba, ko da yake na sha zaginsa a zuciyata a kan hanyoyin da mota ba ta bi.

Kayan aikin ba su da yawa. Jan biro na jan layi, rula don kada ido ya tsallake, zaren ɗaure fayil, da gilashin da nake canzawa duk bayan 'yan shekaru saboda rubutun hannun alƙalai. Sai baƙar riga da hular gashin dokin nan da kuke ɗaukar hoto da ita, wadda in bazara ta yi za ku ji warinta tun kafin a buɗe jaka. Abin da ba a koya muku a makaranta ba shi ne takalmin roba mai dogon wuya. Nawa yana but ɗin mota har gobe, kuma ya ci min shari'a fiye da hular.

Masu zuwa wurina ba sa zuwa da doka, da “an zalunce mu” suke zuwa. Manomi daga Bebeji an ɗaure ɗansa a kan faɗan iyakar gona, Bafulatani daga Burumburum da ƙwaryar man shanu a hannu, ƙaninsa ya sari wani a rikicin ɓarna. Mafi yawansu sai na ba su haƙuri. Ɗaukaka ƙara ba sabuwar shari'a ba ce. Ba a sake kiran shaidu, ba a cewa na manta ban faɗi kaza ba. Kotun sama kundi take dubawa, ta ga ko alƙalin ƙasa ya yi kuskure a kan abin da aka ajiye a gabansa. Kawo sabuwar shaida sai da izini na musamman, izinin kuwa ba a cika bayarwa ba. Ka gaya wa tsoho wannan ka ga yadda zai kalle ka, kamar kai ka ɗaure masa ɗa.

Cikin duka babu mai wuya kamar shari'ar taɓin hankali. Jama'a na ɗauka da an ce “mahaukaci ne” sai gandiroba ya buɗe ƙofa. Ina! Doka na ɗaukar kowa mai hankali har sai shi ya nuna ba haka ba ne. Kuma bai isa a ce yana da ciwon ba, sai an nuna cewa a daidai lokacin da ya ɗaga hannu bai san abin da yake yi ba, ko bai san laifi ba ne. Da me za ka nuna? Mutanenmu ba sa kai irin wannan asibiti balle a sami kati. Wurin malam ake zuwa a karɓo rubutu da hayaƙi, in abin ya ci tura a sa shi a turu, wato gungumen icen da ake zura ƙafa a kulle. Kalmar hauka ma ba a furta ta a gida. Iska ce, lalura ce, jikin ne ya motsa. Kai kuma kana tsaye gaban alƙali yana jira ka ba shi takardar likita.

Malam Idi ya zo min ne da sanyin safiya ranar kasuwa, dogon tsoho, yana tari yana neman afuwa a kan tarin. Daga wani ƙauye bayan Riruwai yake, ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin kuza, ƙurar ramin ce ta zauna masa a ƙirji. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya ce ɗansa Sama'ila aka yanke wa hukuncin rataya.

Labarin gajere ne, ba shi da daɗi. Sama'ila ya sari maƙwabcinsu Ɗanjuma da fartanya a gona, sara ɗaya a ƙeya. Babu faɗa tsakaninsu, babu mace, babu rikicin iyaka. Hasali ma Ɗanjuma ne kaɗai a ƙauyen yake yarda ya fita noma da shi. Da mutane suka iso sun tarar da Sama'ila zaune kusa da gawar yana kore mata ƙudaje da hularsa, yana cewa ya tashi mana su ƙarasa kunyar kafin rana ta yi zafi.

“Ranka ya daɗe, ban zo in ce bai yi ba,” in ji Malam Idi. “Ya yi. Amma wanda za su rataye ba shi ne ya yi ba. Shi ɗana ba ya nan ranar.”

Na shigar da takardar ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika, sannan na je gidan yari na ga Sama'ila. Saurayi ne, siriri, idon sawunsa duka biyu da baƙin tabo ya kewaye su. Ya gaishe ni da ladabi. Da ya ji daga wajen Riruwai labarinsa ya zo min, sai ya matso ya ce don Allah in na ga Ɗanjuma in ce ya ajiye masa fartanyarsa, kada yara su ɗauka. Gandiroban da ke tsaye ya kau da kai.

Wannan ita ce muguwar shekarata a aikin nan. Ma'aikatan kotu suka tafi yajin aiki, aka garƙame ƙofofi da kwaɗo, aka ɗauki watanni. Ba ni da ta cewa a kan haƙƙinsu, amma kundin Sama'ila yana can cikin kabad, ba a buga ba, ba a tura sama ba, shi kuma yana ɗakin masu jiran igiya. Ofis ya bushe, akawuna ya koma sayar da taki. Malam Idi ya riƙa zuwa duk ranar kasuwa yana tambaya, ina ce masa sai haƙuri. Daga baya ya daina zuwa, sai saƙon gaisuwa ta bakin direbobi.

Da aka buɗe kotu na karɓo kundin, na zauna da jan birona. Lauyan da ya tsaya wa Sama'ila a kotun ƙasa ya yi iya ƙoƙarinsa. Mai unguwa ya ba da shaida cewa an sha ɗaure yaron. Ɗan sandan da ya kama shi ya faɗi zancen hula da ƙudaje. Amma alƙali ya rubuta cewa duk wannan tsohon labari ne, abin da doka ke tambaya shi ne halin da yake ciki a lokacin. Kuma mahaifiyarsa da kanta, bayan ta yi rantsuwa, lauyan gwamnati ya tambaye ta lafiyarsa a satin da abin ya faru, ta ce yana lafiya. Alƙali ya ce babu wanda ya fi uwa sanin ɗanta. A kan layin nan ɗaya ya jingina hukuncin.

Na bi dokar maigidana na mayar da layin Hausa. Abin da ya fito min shi ne, “Lafiyarsa ƙalau, mun gode Allah.” Na juya shi gaba da baya, ban ga ƙofa ba. Gaskiya na cire rai. Dokarsa ta biyu ce kawai ta sa na jefa takalmin roba a mota, don kada in haɗu da shi a lahira ya tambaye ni ko na sha ruwan gidan.

Damina ta yi nisa. Na bar motar a Riruwai na hau ɗan acaɓa, inda ya kasa kuma na taka da ƙafa, taɓo har ƙauri. Aka yi min iso. A bayan wani ɗaki na hangi turun a jingine, ƙaton icen ɗorawa, ramin ƙafar ya yi santsi saboda amfani. Malam Idi yana kwance a rumfa bisa tabarma, ya zama ƙashi da fata, numfashinsa na fita da ƙara, ga gwangwani a gefensa da jini a ciki. Ko sallamata bai iya amsawa ba, yatsa kawai ya ɗaga. Matarsa Inna Talatu, mahaifiyar Sama'ila, ta kawo min ruwa a kwanon sha ta tsuguna nesa kaɗan. Na sha, muka gaisa, na yi mata tambayar da kowane ɗan Musulmi zai yi.

“Inna, yaya mai jiki?”

“Da sauƙi, mun gode Allah.”

Kwanon yana hannuna ban ajiye ba. Na kalli mutumin da ke kwance yana kokawa da numfashi, na kalle ta. Ba ƙarya ta yi min ba. Ni ma da mahaifina ne haka zan ce, ku ma haka za ku ce.

“Inna, ranar da kika je kotu, me aka tambaye ki? Faɗa min yadda aka faɗa miki, kada ki gyara.”

“Wancan mai baƙar rigar ya yi Turancinsa. Sai yaron nan mai fassara ya juyo, yaro mai ladabi wallahi, har da ɗan rusunawa, ya ce, ‘Inna, a satin nan, yaya jikin nasa?’”

“Kika ce me?”

“To me zan ce, Lauya? Na ce da sauƙi, mun gode Allah.”

“A ina Sama'ila yake a satin?”

Ta nuna bayan ɗaki da haɓa. “Ga shi can, a turu. Ko abinci sai dai a tura masa da sanda. Ƙafar ce ta fara ruwa tana wari, muka ji tsoron kada ta ruɓe. Marigayi Ɗanjuma da kansa ya zo ya taya babansa kwance shi, ya ce a bar masa shi ya fita da shi gona ya sha iska, ko zai ji dama. Washegari abin ya faru.”

“Me ya hana ki gaya wa alƙali wannan?”

Ta dube ni da mamaki. “Ai ba wanda ya tambaye ni. Gaishe ni aka yi, na amsa. Mutum ya yi maka ya jiki a gaban manya, ka buɗe baki ka ce babu sauƙi? Ai ka yi wa Allah butulci ke nan.”

Ga wurin da fankarku ba ta kaiwa. Dole ta yi rantsuwa a rubuce a kan wannan magana, kuma ba zan sa ta dangwala yatsa a kan abin da ba ta fahimta ba. Ita har ranar ba ta san me ya ɗaure ɗanta ba, don da Turanci aka karanta hukuncin. Ta ga fuskata ta canza, ta ce, “Wani abu na faɗa ba daidai ba?” Na so in ce a'a. Na yi mata bayani a hankali, ban ɓoye komai ba. Ta shiga murza bakin zanenta.

“Wato da bakina za a rataye shi,” ta ce.

Na ce ba bakinta ba ne, hanyar da maganar ta bi ce. Ban ga alamar ta ji ni ba.

Kafin in bar ƙauyen na shiga na yi wa matar Ɗanjuma gaisuwa, sunanta Hajara. Ku riƙe wannan, kada ku taɓa tsallake gidan mamaci don kuna tsaya wa wanda ya kashe shi. Tana surfe, yaranta ƙanana na kewaye da turmi. Ta tabbatar min mijinta ne ya kwance Sama'ila daga turu, har ta hana shi ya ƙi ji. Ta ce, “Ni ban ce a rataye shi ba, ban kuma ce a sake shi ba. Kada dai a dawo min da shi ƙauyen nan ina ganinsa.” Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Tafintan ma na nemo shi. Ya tuna tsohuwar, ya tuna abin da ya ce da abin da ta ce. Bai yi ha'inci ba. An ce ya tambaye ta lafiyar ɗanta, ya tambaya yadda aka koya masa yi wa babba magana a gidansu, ya kuma mayar da amsar yadda ta zo. Da ya gane inda abin ya kai, idonsa ya kawo ruwa, ya sa hannu a takardar rantsuwa ba tare da na roƙe shi ba. Na kuma samu aka kai Sama'ila likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi. Malam Idi bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, ya rasu kafin kaka.

A kotun ɗaukaka ƙara alƙalai uku ne, biyu daga cikinsu ba sa jin Hausa. Lauyan gwamnati ya tashi ya ce ba a buɗe ƙofar sabuwar shaida don lauya ya je ƙauye ya sha ruwa, in aka fara haka babu shari'ar da za ta ƙare. Aikinsa ya yi, kuma ya yi shi da kyau. Ni kuma na ce ban zo da sabon labari ba, na zo ne in nuna cewa abin da aka rubuta a matsayin shaida amsar gaisuwa ce. Babban cikinsu, dattijo ɗan kudu, ya sauke gilashinsa.

“Lauya, in mara lafiya ya warke da gaske, me mutanenku ke cewa?”

“Sai a ce ya warke, ko ya miƙe, ya mai shari'a.”

“In yana nan yadda yake fa?”

“Da sauƙi.”

“In ciwon ya ƙaru?”

“Da sauƙi.”

“In yana bakin mutuwa?”

“Da sauƙi, ya mai shari'a. Sai dai a rage murya.”

Aka ɗan yi dariya a kotun. Na ukunsu, wanda yake Bahaushe, bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana rubutu, ya daɗe bai ɗago ba.

Sun karɓi shaidar. Bayan wasu watanni suka soke hukuncin rataya. Suka ce Sama'ila ne ya yi kisan, amma ba ya cikin hankalinsa, don haka a tsare shi a asibitin masu taɓin hankali har sai hukuma ta gamsu babu haɗari a sakinsa. Abin da ake kira nasara ke nan a irin wannan shari'a. An cire masa igiya daga wuya, amma ba a ba shi hanyar gida ba, kuma wasu a can suke tsufa. Abokan aiki suka yi ta ba ni hannu a harabar kotu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, rai ne aka tsamo.

Sai da na biya asibitin kafin in tafi ƙauye. Na tarar da shi zaune a bakin gado cikin kayan marasa lafiya, magani ya yi masa nauyi, hannuwansa na rawa, miyau na zuba a gefen bakinsa. Na kira sunansa, ya kalle ni kamar bango yake kallo. Ko zancen fartanya bai yi ba. Likitan ya ce ciwon ya daɗe ba a taɓa shi ba, sai dai a yi ta gwadawa.

Labari ya riga ni isa, amma rabinsa ne ya isa. An gaya wa Inna Talatu an ci shari'a. Na tarar ta share ɗakin Sama'ila, ta yi masa sabon daɓe, ta shimfiɗa tabarma, turun kuma an faskara shi an yi makamashi. Da ta gan ni ni kaɗai sai ta leƙa bayana. Ta kawo ruwa a kwanon nan dai, na sha, na yi mata bayani. Ba za a rataye shi ba. Ba kuma zai dawo yanzu ba, ban san ranar ba, babu wanda ya sani. Ta saurara har na gama.

“Alhamdulillahi,” ta ce. “Ka sauke min dutse daga ƙirji, Allah ya sauke maka naka. Ka gan shi da idonka?”

“Na gan shi, Inna.”

“Yaya jikin nasa?”

Ni ne na tsaya gaban alƙalai uku na rantse musu cewa kalmar nan ba ta nufin komai. Na buɗe baki ina laluben wata, duk Hausar da na sani da Turancin da na tara, ban samu ba.

“Da sauƙi, Inna.”

Ta daɗe tana kallona. Babu wanda ya kai ta sanin abin da na ce.

“To,” ta ce, ta rage murya. “Allah ya ƙara sauƙi.”

Ta miƙe ta naɗe tabarmar da ta shimfiɗa masa, ta jawo ƙofar ɗakin ta rufe.